Babban Layi da Ƙarami

Amal tana durƙushe bayan akwatin na'urori tana bin wayoyi da yatsa, mudir Abdurrahim, shugaban asibitin, ya turo ƙofa ba sallama.

"Babban layin nan, daga yanzu har la'asar, na zauren taro ne kaɗai."

Layin intanet biyu ne suka haɗa wannan asibiti mai zaman kansa da Khartum. Babban ta ƙarƙashin ƙasa yake bi. Ƙaramin ta faifan tauraron ɗan'adam da ke kan rufi yake fita, kuma ko kashi ɗaya cikin biyar na babban ba ya iya ɗauka. Shekara uku Amal tana raba musu kaya, biyar nan, ɗaya can, don kada wani ya shaƙe.

"Ustaz, in na jibga wa ƙaramin komai, tsayawa zai yi. Akwai hoton cikin kan wani manomi da likitan Khartum yake jira."

"Manyan jam'iyya ne za su buɗe ɗakin duba marasa lafiya daga nesa. Hoto ya jira. Halas, magana ta ƙare."

Ta yi yadda ya ce.

Manomin, Mailafiya, daga kan tarakta ya faɗo a gonar riɗi ta Basunda. Likitan asibitin ya ƙi taɓa kansa sai ƙwararre ya ga hoton. Matarsa Zuwaira tana zaune a ƙasa bakin ƙofar Amal, baƙar laka ta bushe a ƙafafunta.

"'Yata, an ce a hannunki hoton yake. Ya tafi?"

"Yana tafiya, Inna."

Allon kwamfutarta ya nuna saura awa huɗu. Amal ta daɗe tana kallonsa. Sai ta buɗe wa hoton 'yar kafa a babban layin. Sittin cikin ɗari. Saba'in da biyar. A zaure kuwa fuskar likitan da ke magana daga Khartum ta daskare, baki buɗe, a gaban baƙi.

Mudir ya shigo da sauri. Bai tambayi komai ba, ya fizge wayar da ya ga hannunta a kai. Tamanin da takwas ya koma sifiri.

"Daga unguwar Fallata, cikin Hausawa da Fulani, muka ɗauko ki muka ba ki kujera," in ji shi. "Gyara min layin zaure, ki ajiye makullai."

Ya fita, ya tsaya a kan Zuwaira, ya sassauta murya.

"Hajiya, sai haƙuri. Yarinyar nan ce ta lalata na'urar, shi ya sa hoton mijinki bai tafi ba."

Amal ta gyara layin zaure. Ta sake ɗora hoton a ƙaramin layi.

Bai kai rabi ba aka ja wa Mailafiya mayafi. Zuwaira ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki takalmansa ta rungume. Da Amal ta matso za ta yi magana, sai matar ta janye gefen tufafinta don kada ya taɓa ta, ta wuce.

Hanyar fita ta gaban zauren take. Ƙofar a buɗe. Husaini mai sharar asibitin, lafiyarsa ƙalau, yana kwance a sabon gado an rufa masa bargo mai tsabta. Fuskar likitan ta fito tar a allo, yana tambayarsa ina ke masa ciwo.

Husaini ya dubi mudir, sannan ya nuna cikinsa. Aka yi kabbara.