Lakar da Kolo Ya Ɗaga

A shekarar da aka kwashi samarin ƙasar Haɗeja zuwa yaƙin Bama, daga Kirikasamma har bakin kogi babu mai cika baki kamar Kolo, Sarkin Ruwan garinmu. Kadan da ya ce ya kama da hannu bara, bana sai ka ji ya zama uku. Har wani mai wasan dabo ya sassaƙa ɗan mutum-mutumi da sunansa yana yawo da shi kasuwa-kasuwa. Kolon itace ya yi tsalle ya shaƙe kadan tsumma, jama'a su yi ta shewa, Kolo na gaske kuwa yana gaba-gaba yana gyara wa mai dabon: "Ƙara masa tsawo, ai kadan ya fi haka!"

Aikin da ya gada daga ubansa Fannami ba na baki ba ne. Idan ruwa ya janye daga fadama, kifi kan taru a Baƙin Gurbi, wani tafki mai zurfi da kogi ke bari a baya. Ranar su, wato ranar da gari duka ke shiga kamun kifi, ba mai tsoma ƙafa sai Sarkin Ruwa ya nutsa shi kaɗai har ƙasa, ya laluba, ya fito da laka a hannu ya ɗaga. Lakar nan ita ce shaidar babu kada. In kuwa akwai, shi ne zai sauka da igiya da mashi ya fid da shi.

To, Kolo bai taɓa kaiwa ƙasan nan ba. Iyo a sama ya iya shi sarai, amma da ruwa ya rufe kansa ya yi duhu, sai ƙirjinsa ya toshe. Shekararsa ta farko ya sauka rabi, ya ji sanyi ya kama masa ƙafa, ya dawo ba shiri. Tun daga nan ya sami dabara. Zai nutsa a gaban mutane, ya kurɗa gefe ƙarƙashin ganyen bado inda ruwa bai wuce wuya ba, ya fid da hanci yana numfashi. In ya jima sai ya damƙi laka ya koma tsakiya ya ɓullo. Mu kuwa sai tafi, muna cewa ba a taɓa yin mai dogon numfashi kamarsa ba.

Matarsa Falmata kaɗai ta gane. Ita ce ke ganinsa kowace safiyar su yana amai a bayan rumbu.

Safiyar sun wannan shekarar ya zagaya gurbin shi kaɗai, sai ya ga abin da ya daɗe yana tsoro. A kan taɓo ga sawun jan cikin kada mai faɗin tabarma, ga farata hagu da dama. Sawun ya shiga ruwa. Ya duba ko'ina bai ga inda ya fita ba. Ya waiga, babu kowa, sai ya sa ƙafa ya shafe shi.

Da ya koma gida Falmata ta ga ko laya ya kasa ɗaurawa.

"Maigida, me ka gani?"

"Babu komai."

"In akwai abu, ka ce a ɗaga sun nan."

"A ɗaga? Hakimi ya gayyato Bature tun daga Haɗeja ya zo kallona. In na ce akwai kada, igiya za su miƙo min."

"To ka karɓa ka sauka, ko ka ce ba za ka iya ba. Ba a kashe mutum don ya ji tsoro."

Ya zaro mata ido. "Ni Kolo? Ke ma kin fara?"

Ba ta ɗaga murya ba. "Shu'ibu ne ke fara shiga tsakiya, ka sani."

Shu'ibu ƙanensa ne ciki ɗaya, magidanci mai yawan dariya, wanda ba a daɗe da yin sunan 'yarsa ta fari ba. Kolo ya fice.

Hantsi na yi bakin gurbi ya cika maƙil. Maza sun jeru da gorunan iyo da komar kamun kifi, mata na baya da kwanduna, Bature na kan kujera ƙarƙashin laima. Makaɗi ya saki kirari: "Kolo na Fannami, kada ya gan ka ya fasa hamma!" Kolo ya yi tsalle, ya daki ƙirji, ya yi ihun da ya fi na kowace shekara. Duk wanda ya kalle shi ranar zai rantse bai san tsoro ba.

Shu'ibu ya matso yana murmushi. "Ya Kolo, yau babban kifin na mai jego ne."

"Ka tsaya gefe yau," in ji Kolo ƙasa-ƙasa.

"Gefe? Ai inda ka taka, ni ba na tambaya."

Maganar ta zo wa Kolo har baki. Sai ya ga hakimi na nuna shi ga Bature, ya haɗiye ta, ya faɗa ruwa.

Ƙarƙashin bado ya tsaya. Duk ciyawar da ta shafi ƙafarsa sai ya ji kamar an kama shi. Ya ce wa kansa wataƙila dabbar ta fita ta cikin ciyayi. Ya ce wataƙila tsohon sawu ne. Ya san ƙarya yake yi. Ya damƙi laka, ya ɗan matsa ciki, ya ɓullo, ya ɗaga hannu.

Gari duka ya zubo cikin ruwa. Shu'ibu ya haye goransa ya wuce kowa, kai tsaye zuwa tsakiya. A gaban Shu'ibu kaɗan Kolo ya hangi ruwa ya tsage a hankali, wani abu baƙi na tafe ba sauri.

"Ku fita!" ya ƙwalla. "Ban sauka ba! Wallahi ban taɓa sauka ba!"

Na kusa da shi suka fashe da dariya. Sun saba da wasan Kolo. Makaɗi ya ƙara wuta.

Shu'ibu ya waigo yana ɗaga masa hannu, sai kawai ya nutse, ko ƙara bai yi ba. Goran ya yi tsalle sama ya dawo yana juyi shi kaɗai.

Ganga ta tsaya. Mutane suka yi ta turereniya zuwa tudu, mata na salati. Wani dattijo ya ruga ya danƙa wa Kolo igiya da mashi yana haki: "Sarki, maza! Yanzu ya ja shi, in ka nutsa za ka same shi da rai!"

Duk idanu suka koma kansa, babu mai shakka ko ɗaya. Matar Shu'ibu ta durƙusa a taɓo da jaririya a baya tana cewa, "Yaya, kai kaɗai ne." Kolo ya taka, ruwa ya kai masa ƙugu. Ya ƙara takawa, ya kai ƙirji. Ya kalli baƙin ruwan da ke gabansa, ƙafafunsa suka ƙi. Nan ya tsaya yana kuka, lakar na zuba ta tsakanin yatsunsa, har goran ya daina juyi.