Rumbun da Aka Gina da Ci

Ni ne Idi Ɗandako, duk wanda ya daɗe a bakin iyakar Jibiya ya san ni. Babbar mota ta taɓa kifewa da ni a hanyar Maraɗi, na fito ina kakkaɓe riga. Kububuwa ta sare ni a Gangara, ita ta mutu. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba a haifi wanda zai cuce ni a ciniki ba. To ku ji yadda muka yi da magina.

Bara ruwan ƙarshen damina ya kwantar mini da rumbu, ga shi gero ya yi albarka. Muka jibge dammunan a zaure, ɓera na yi ta sama, gara na yi ta ƙasa. Matata Salmatu ta ce abincinmu na shekara ne fa a yashe, in kira magini. Na ce mata rago ne ke kiran magini ɗaya. Ni uku zan kira, in tattaɓa su kamar ragunan layya.

Na farko Nafi'u ne, mai bulo da siminti. Ya zo a kan babur, ya ja awo, ya latsa waya, ya faɗi kuɗin da sai da na tambaye shi ko bene zai yi wa geron. Na sallame shi.

Na biyu Ummaru na garin Kusa, maginin laka, ƙato, tumbinsa na riga shi shiga zaure. Kuɗinsa da dama-dama, kuma ya ce babu ci, a gidansa zai ci abinsa. Na dubi tumbin nan na ce a raina, mai irin wannan ciki in ya ce ba ya son tuwonka, to ya riga ya ɓoye tuwon a cikin kuɗin. Ni za a yi wa wayo?

Na uku wani direba ne ya kawo mini shi daga tsallaken iyaka, yana ta murmushin da ban kula da shi ba a lokacin. Sunansa Zunnuraini, siriri kamar karan dawa, iska mai ƙarfi na iya maida shi Maraɗi ba fasfo. Ya faɗi nasa kuɗin da sefa, aka juya mini shi zuwa naira, bai kai rabin na Ummaru ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: da ci, shi da masu taya shi, har ranar da za a ɗora wa rumbu jinka. Na dubi wuyansa, na ga ludayi biyu na koko sun ishe shi.

Salmatu ta kira ni ciki. «Malam, busasshen icce fa ya fi cin wuta.»

Na ce mata ciniki ba aikin madafi ba ne. Na kai shi ƙofar masallaci, muka ƙulla magana a gaban shaidu.

Washegari ya iso da masu taya shi: mai ɗebo ruwa, mai kwaɓa ƙasa, mai yanka ciyawa, da wani wanda har yau ban gano aikinsa ba. Dukansu sirara. Aka kawo fura, ƙwarya ta koma kamar an wanke. Aka kawo tuwo, Zunnuraini ya yi bisimilla cikin ladabi, bai ɗago kai ba sai da ya ga zanen gindin akushi. Ban san inda abincin ke zuwa ba. Na zagaya bayansa na duba, babu komai.

Aiki kam ya iya. Sai dai rumbun laka ba a ginin shi a tashi ɗaya. A ɗora zagaye, a jira ya sha iska, sannan a ɗora wani. Ranar jira sai ga su sun zo sun zauna a inuwa. Na ce yau ai babu aiki.

«Baba, bushewa ma aiki ce. In ban tsare ta ba, tsoron wa za ta ji?»

Haka muka yi ta yi. Rumbu na hawa, dammuna na sauka. Mata masu sussuka suka mai da gidana kamar gidan biki. Salmatu ta daina yi mini magana, sai dai in za ta ɗauki dami ta bi ta gabana da shi a hankali.

Da gini ya kai ƙirji na lallaɓa Kusa wurin Ummaru, ba don na karaya ba, don dai in ji ra'ayinsa. Ya ce magini ba ya ɗora hannu a kan ginin wani, ko da na ubansa ne. Sannan ya tambaye ni ko siririn nan ne na Maraɗi. Da na ce shi ne, sai ya yi mini ta'aziyya. Korar Zunnuraini kuwa ba ta taso ba, don Idi bai taɓa lashe maganar da ya yi a ƙofar masallaci ba.

Ranar da aka ɗora jinka unguwa ta taru. Rumbu ne na gani na faɗa, har direbobi na rage gudu su kalla. Muka kwaso abin da ya rage na gero, Salmatu ita kaɗai ta ɗauke shi a ka. Na leƙa ciki na ga dammunan sun rakuɓe a gefe kamar marayu, na yi gyaran murya rumbun ya amsa mini.

Zunnuraini ma ya leƙa, ya girgiza kai.

«Baba, rumbun nan ya yi wa hatsinka girma. Bari in yi maka ƙarami a gefensa. Kyauta, ci kawai.»

Salmatu ta ɗauki taɓarya. Ashe siririn mutum yana da gudu.

Yanzu awo muke yi a kasuwa, kuma 'yan baƙin ciki na ta surutu. Amma ni abin da na sa a gaba shi ne kada ɓera da gara su ci mini gero, kuma ba su ci ba. Jiya ma na ga wani ɓera ya shiga rumbun, ya daɗe, ya fito ya tsaya yana kallona.