Banɗakin Malam Barau

Tun ranar da Malam Barau ya zame a hanyar shadda ya gurɗe a gwiwa, 'yarsa Zulfa ta rantse ba za a shiga wata daminar ba sai an yi masa banɗaki a jikin ɗakinsa. Ita ce babba a gidan, malamar asibiti ce a Gaya, kuma duk garinsu Toranke an san idan ta ɗauki magana ba ta ajiyewa. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, a ce kullum sai ya ratsa tsakar gida, ya zagaya bayan rumbu, ya bi ta turken awaki, kafin ya kai wani rami da bakinsa ya fara zaftarewa? Ta ce ba da ita ba.

Ranar wata Asabar ta ɗauko shatar adaidaita, ta taho da Kabo magini. Ta ɗauka aikin rabin sa'a ne, a nuna wuri, a zuba toka a yi shaida, ta koma. Ashe wuni za ta yi.

Aka fito wa Malam da tabarma bakin ƙofarsa. Ƙaninta Anas, wanda ke zaune a gidan da matarsa Hindatu, ya riƙe wa Kabo bakin igiyar awo. Suka fara da lungun bayan ɗakin, ta arewa. Kabo ya auna, ya zana da toka, ya tsuguna a ciki ya gwada.

Malam ya leƙo ya ce, "Malam Kabo, ina fuskarka take kallo?"

Kabo ya ɗaga kai ya dubi rana, ya miƙe yana kaɗe wando. Gabas yake kallo, saitin alƙibla sak. Ya juya, yanzu kuma baya ya ba ta. Lungun siriri ne, in aka karkata mazaunin ya kalli kudu ko arewa, gwiwar mutum a bango za ta tokare, balle gwiwa irin ta Malam. Bayan katangar kuwa gidan maƙwabta ne, ba a ƙara ko taku ɗaya.

"Shekara hamsin ina karantar da mutane ladubban kewayawa," in ji Malam, "sai yau da na tsufa zan saɓa?"

Zulfa ta gyaɗa kai. Gaskiyarsa ce. Aka share toka da ƙafa.

Aka koma gabashin ɗakin. Nan fili ya wadata, mazauni ya kalli kudu, har Anas ya fara murna yana cewa a kawo bulo gobe. Sai Kabo ya soka sanda inda za a haƙa sokawe, ramin da ƙazantar banɗakin za ta riƙa taruwa. Zulfa ta dubi sandar, ta dubi rijiyar gidan, ta taka da ƙafarta, taku shida. Wannan karon ita ce ta hana.

Anas ya ce, "Haba Yaya, ai da siminti za a shafe ramin."

"Siminti ba ya tsagewa? Kai ka taɓa kwana a kan yaron da ya sha ruwan da masai ya tsatso masa? Ni na kwana. Ba za a haƙa a nan ba."

Rana ta take, kowa ya jiƙe da gumi, tsakar gidan ta cika da zane-zanen toka kamar wurin wasan 'yar gala-gala. Kabo ya fara duba wayarsa. Zulfa kuwa kanta har sarawa yake don takaici. Gida guda, amma a rasa inda za a sa banɗaki ƙafa biyar?

Bayan azahar Kabo ya lura da ratar da ke tsakanin ɗakin Malam da na Hindatu, ta yamma, inda ake jibge itace. Ya auna, ya yi dariya. Ga bango biyu a tsaye, rufi da ƙofa kawai ake buƙata, a fasa ta cikin ɗakin Malam. Alƙibla na gefe, bututu ya bi ta ƙasa ya fita waje, nesa da rijiya.

Zulfa ta durƙusa ta ce, "Baba, nan fa?"

Malam ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Allah ya yi muku albarka."

Ita kuwa da ta gaji, ta karɓi wannan a matsayin amsa. Hindatu na bakin murhu, ta sunkuyar da kai tana iza wuta, ba wanda ya tambaye ta komai.

Mako uku aka yi ana aikin. Aka sa tayil mara santsi, da mazauni na zama, da ƙarfen dafawa a bango. Ranar da aka gama, Zulfa ta sa aka cike tsohuwar shaddar da ƙasa, don ta san halin mahaifinta, in an bar ta zai koma. Ta tafi Gaya da sanyin zuciya.

Bayan kwana goma ta dawo da lemo da ayaba. Tana shiga ta ga Malam ya zabge, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe ya tsattsage. Ta kama fatar bayan hannunsa ta ja, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta tura ƙofar banɗakin. Tayil a bushe ƙayau, sabulu na cikin takardarsa, ƙurar siminti ma na nan a kan murfi.

Ta fito ta ja Hindatu bayan madafi. "Me ke faruwa a gidan nan?"

Hindatu ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, ba ya shan kunu, ba ya shan fura. Ruwa ma sai dai ya jiƙa baki. Sau ɗaya yake fita a wuni, ya dogara sanda har banɗakin masallaci."

Masallacin kuwa sai an wuce gida bakwai. Ran Zulfa ya ɓaci. Ta koma ɗakin ko sallama ba ta yi ba.

"Baba, me aka yi ba daidai ba? Alƙibla ce? Mazaunin ne ba ka so?"

Ya kawar da kai. Da ƙyar ya ce, "Bango ɗaya ne da ɗakin matar ƙaninki. Gadonta a jikinsa yake. Ko buta na ajiye sai ta ji."

"To me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar?"

"A gabanta zan faɗa?"

Zulfa ta fito tana huci, ta tarar da Hindatu tsaye tana murza bakin zane. Kallo ɗaya ta yi mata ta gane. "Ke ma kin sani."

"Tun da aka zuba tokar, Yaya. To ni ce zan buɗe baki in yi maganar kewayawar Baba?"

Mutum biyu sun sani, kowa ya yi gum, an fasa bango, an cike shadda, tsoho yana neman halaka kansa da ƙishirwa. Zulfa ta rasa wanda za ta yi wa faɗa, don ita ce ba ta tambaya ba. Hindatu ba ta jira umarni ba, ta shiga ɗakinta ta fara fito da kwanuka da akwatuna, za ta koma ɗan ɗakin ajiyar hatsi da ke can ƙarshen gida.

Zulfa ta ɗebo ruwa a randa, ta cika kofi, ta kai wa Malam. "Ga shi, Baba. Ta tashi daga ɗakin. Ba mai jin ka yanzu."

Ya saurari ƙarar gadon ƙarfe da ake ja a bayan bango. Fuskarsa ta canza.

"Je ki ce ta mayar da kayanta. Ba za a ce a garin nan na fitar da matar ɗana daga ɗakin aurenta saboda bayan gida ba."

"Baba, ƙodarka za ta lalace. Wallahi tsoro nake ji. Kunya ce za ta kashe min kai ina kallo?"

Ta zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba, ta ce ba inda za ta sai ya sha. Ya dube ta, ya ga da gaske take. Ya karɓi kofin da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kurɓa sau uku. Sannan ya dubi gwiwarsa, ya dubi ƙofa, ya miƙo mata sauran.

"Wannan ya isa," ya ce. "Masallacin da nisa."