Ranar da Jatau Ya Warke

Muna fitowa ƙofar asibiti Jatau ya dafa kafaɗata ya ce in ja mashin kafin malamar jinyar nan ta cim mana. Ta biyo mu kuwa har bakin titi tana ɗaga hannu. Ni kuma, sarkin wayo, na murɗa wuta.

Jatau maƙwabcina ne a Anka, shekara tara katanga ɗaya ta raba mu. A injin niƙa dutsen zinariya yake aiki, kuma buhun dutse ne ya taɓa masa baya ana gab da azumi. Likita ya rubuta masa wasu ƙwayoyi masu ƙarfi, biyu da safe, biyu da rana, biyu da yamma. Sai aka ga wata. Jatau kuwa ko za a yanka shi ba ya shan azumi, don haka ya yi tasa dabarar: duka shidan ya haɗiye a sahur, ya maimaita da buɗa-baki saboda azabar ciwo, ya ɗora da farasitamol na kemis, wai wannan ai na ciwon kai ne kawai.

Kwana huɗu yana haka. Ran na biyar da hantsi matarsa Sahura ta dinga dukan katangata da muciya. Na same shi leɓe ya yi baƙi, numfashi ɗaya bayan ɗaya. A asibiti allura guda aka yi masa ya buɗe ido kamar an kira sunansa. Wallahi har kabbara na yi.

Likitan bai taya ni murna ba. Ya ce magani biyu ne a cikin ƙwayar: mai sa barcin shi allura ta kashe, ɗayan kuwa farasitamol ne, kuma hanta yake ci a ɓoye. Akwai makarinsa ta ƙarin ruwa, amma sai an fara yanzu.

"Gobe za ka ji ka warke," in ji shi. "Kada ka yarda da wannan warkewar."

Jatau ya raɗa mini cewa allura ba ta karya azumi, amma ƙarin ruwa ai abinci ne. Ko yaron makarantar allo ya san Allah Ya yi wa mara lafiya sauƙi, ni ma na sani. Amma na ga mutum tsaye da ƙafafunsa yana dariya, sai na tayar da mashin.

Washegari kuwa ya warke. Ya share ƙofar gida, ya tsokane ni a kan tsohuwar tayata. Ni har na je majalisa ina cewa likitocin yanzu sun fi mai duba son tsorata mutane. Kaicona da wannan bakin nawa.

Kwana na uku bayan azahar na same shi a tabarma ƙarƙashin dogon yaro. Unguwa tsit, ko akuya ba ta motsi. Idanunsa sun koma kamar ƙwaiduwa. Sahura ta ce ciwon shawara ne, har ta jiƙa saiwoyi na buɗa-baki. Hannuwansa biyu suna kaɗawa da kansu, irin yadda ake girgiza tasa wurin wankin zinariya, bakinsa kuma na wani wari mai zaƙi-zaƙi da ban taɓa ji ba. Bai dube ni ba, bayana yake kallo.

"Mu'awiya, matsa ma Zayyanu," ya ce a hankali. "Tun ɗazu yana tsaye, ka tare mai hanya."

Zayyanu ƙanensa ne. Shekara uku ke nan da ramin zinariya ya rufta da shi, ni na riƙe makararsa. Wallahi sai da na matsa.

Da zanen Sahura muka ɗaure shi a bayana. Duk hanya yana amsa wa wani magana, yana cewa to, to, ga shi nan tafe. Malamar jinyar da ta bi mu ran nan ita ta karɓe shi. Na so ta zage ni, amma jijiya kawai ta nema ta ɗaura ruwan. Likita ya ce za su gwada, amma hantar ta riga ta tafi.

Bayan kwana biyu ya rasu, rana tsaka, yana tambayar ko an kira magariba. Sahura ta fita da kuka, malamar ta tafi kiran likita, aka bar ni da shi. Ba wanda ya tuna ya rufe robar ƙarin ruwan. Na zauna a bakin gadon ina kallon ruwan yana ɗiga, yana bin siririn bututun zuwa hannunsa.