Farin Maganin Azeta

Azeta tana sayar da shinkafa da wake a bakin titin Moshi Zongo shekarar da muryoyin suka fara. Maza biyu ne da ba ta gani, suna zaginta daga cikin tukunya. Ranar da ta kifar da abincin a kwata, yayarta Lariba ta kai ta asibiti.

Sista Enyonam, nas ɗin da ta duba ta, 'yar kudu ce, Hausarta ta kasuwa, kowa "kai" take ce masa.

"Ba aljani ba ne. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wani sinadari, dofamin. Naka ya yi yawa a wani wuri, sai wanda zai karɓi saƙo ya ɗauki abin banza ya mai da shi magana. Maganin nan zai tare ƙofa kaɗan. Ka sha kullum."

Azeta ta sha. Wata takwas ba ta ji kowa ba. Ta koma rumfarta, tana yi wa 'yarta Suhuyini kitso duk Juma'a.

Mijinta Sheriff ya riga ya gaji da auren, amma yana son 'yar. Ya ce, "Asibitin nan da nisa. Bari in riƙa karɓo miki maganin."

Abin da yake kawowa fari ne kamar na da, ƙunshe a takarda. Mako na biyar tukunya ta yi dariya. Azeta ta ƙara yawan maganin, ba ta gaya wa kowa ba.

Sheriff ya sake ta, ya tara dattawan gida da hantsi a kan maganar yarinya. Azeta ta danne hannuwanta a cinya, ta daure har kawunsa ya fara magana. Sai ta juya ga bango ta daka tsawa: "Ku yi mini shiru!"

Aka yanke Suhuyini za ta koma wurin kakarta, uwar Sheriff, a Gbalahi.

Azeta tana haɗa kayan yarinyar ta ɗaga akwatin Sheriff. Ga kwalayen maganin asibiti uku a ƙarƙashinsa, da sunanta, ba a ko ɓare su ba. Ta fito tsakar gida a guje.

"Farasitamol yake ba ni! Ku duba!"

Babu wanda ya miƙa hannu. Lariba ta kama kafaɗarta tana cewa, "To, mun ji, zauna."

Sheriff ya karɓi kwalayen a hankali, ya girgiza kai. "Kun gani, Kawu? Ɓoye su take yi."

Ya ɗora Suhuyini a gaban babur. Yarinyar ta waiwayo sau ɗaya, ya juyar da kanta da tafin hannu, ya tayar.