Ranar Cire Haƙorin Gimbiya

Tun ranar Litinin Hedimasta ya kafa dokar. Ya rubuta ta da jan biro, ya manna a ƙofar firij: daga daren Laraba ba mai ba Gimbiya ko ɓarɓashin biredi. Shekararsa shida da yin ritaya, amma har yau in ya rubuta sanarwa sai ya ja mata layi biyu a ƙasa. Su biyu ne a gidan, shi da matarsa, don haka ba sai an tambayi da wa ake ba.

Gimbiya kyanwarsa ce, fara, mai ƙiba kamar matashin kujera. Haƙorinta ɗaya ya ruɓe, dasashin ya kumbura, bakinta na wari. Motar likitar dabbobi kuwa sau ɗaya take zuwa unguwar a wata, ta tsaya a ƙofar gida, a yi aikin a cikinta. A waya likitar ta ja masa kunne: allurar barci ba ta shiri da cikakken ciki. Kyanwar tana iya yin amai tana barci, aman ya faɗa huhu, shi ke nan.

Abin da Hedimasta bai rubuta a firij ba shi ne, wata huɗu ke nan turmin haƙorinsa na hagu ya yi kogo. Mutumin da ya shekara talatin yana jera ɗalibai a layin allura, yana yi wa masu kuka tsawa, ko hoton kujerar likitan haƙori ya gani sai ya yi maza ya kau da kai. Ga shi ya cika gari da cewa bai taɓa rasa haƙori ko ɗaya ba. Sai ya samo dabara: kanumfari a aljihu, in an kawo nama kuma ya yayyanka ƙanana, hannunsa ya sulale ƙarƙashin tebur, Gimbiya ta haɗiye. Farantinsa kullum tas.

Ranar Alhamis da safe matar ta ajiye masa shayi da soyayyen nama. Ya gyara tabarau ya shiga karanta mata darasi: ita ce mai tausayin banza, ita za ta karya doka, ya san ta sarai. Ita kuwa tana ta kurɓar shayinta. Yana tsakiyar bayani kan muhimmancin ladabi ya ji harshe mai kaushi yana lasar yatsunsa.

Ya dubi farantin. Yanka uku babu.

Ƙarfe tara motar ta iso. Cikinta tebur ne na ƙarfe, da fitila mai wuya kamar na jimina, da ƙananan filaya na cire haƙori jere a faranti. Hedimasta ya kalle su sau ɗaya, turminsa ya harba. Likitar, wata 'yar siririya mai saurin hannu, ta auna Gimbiya, ta ce wannan ai ta kusa fin ƙarfin sikelin, me ake ba ta haka? Sannan ta ɗauki takardar tambayoyi.

"Baba, ta ci wani abu yau?"

Matarsa ta ce a tambayi mai doka, ita 'yar kallo ce.

"Ko ƙwayar shinkafa," in ji Hedimasta.

Likitar ta sa alama a takarda. Ta aske gashin hannun Gimbiya, ta goge da auduga, ta zuƙi magani a sirinji, ta ɗaga shi sama tana ƙwanƙwasawa da farce. Hedimasta ya shiga lallashin kansa. Yanka uku ne kawai, ƙanana ma. Wataƙila sun narke. Likitoci dama akwai ƙarin gishiri. Idan kuma ya buɗe baki, za a tambaye shi dalili, daga dalili sai kujerar nan. Gimbiya ta juyo ta dube shi, ta lashe gefen bakinta, inda har yanzu maiƙo ke ƙyalli.

Allurar ta taɓa fata.

"Tsaya, 'yata."

Likitar ta tsaya. Ya fara da cewa akwai yiwuwar kyanwar ta tsinci wani abu a ƙasa. Likitar ta tambayi ko mene ne, kuma nawa. Ya ce nama, yanka uku. Ta tambayi yadda aka yi ya san adadin abin da aka tsinta. Nan fa ya cire tabarau, ya zayyane komai, tun daga kogon har kanumfarin, yana kallon tayar mota.

Likitar ta mayar wa allurar murfinta. Ta ce ya kyauta da ya faɗa, don da ya yi shiru, da ba haƙori kaɗai zai rasa yau ba. Za ta gama zagayen sauran gidaje ta dawo ƙarfe huɗu, kafin nan cikin ya sauka. Daga nan ta haska fitilar goshinta ta ce ya ɗan buɗe baki. Ya buɗe. Ta leƙa, ta ja baya.

"Baba, da kai kare ne, da da kai zan fara."

Ya juya ga matarsa yana jiran ta ruɗe. Jakarta take ratayawa, mukullin mota a hannu. Ta ce wata huɗu gidan na ƙamshin kanumfari, miji na ramewa, kyanwa na kumbura, shi a zatonsa makauniya ya aura? Yanka ukun ma a idonta aka miƙa su.

"Kin gani kika yi shiru? Da an kashe min ita fa?"

"Da ta fara dannawa zan yi magana. So nake in ga wa ka fi so, ita ko girman kanka. Shiga mota, Hedimasta, ƙarfe goma da rabi aka ba mu. Tun Litinin na kama maka layi wurin likitan haƙori."

Ƙarfe biyar aka miƙo masa Gimbiya a nannaɗe cikin tawul, tana layi. Ya karɓe ta da auduga cushe a kumatunsa na hagu, ya so ya yi godiya, miyau ya riga shi. Da suka shiga kicin ya tarar an cire sanarwarsa. An manna wata da jan bironsa: marasa lafiya biyu, abinci mai laushi har kwana uku, kowa a kwanonsa. An ja mata layi biyu a ƙasa.