Har Sai Ya Ji

Sai ƙarfe goma kwamitin ladabtarwa na ƙungiyar likitocin dawaki zai zauna, amma tun bakwai da rabi Auta take tsaye a ƙofar gidan Malam, da takarda ninke a jakarta. Layi uku ne kacal a ciki, cewa shi Malam ya ajiye aiki don kansa saboda shekaru. In ya sa hannu, zaman ya mutu, ya koma gida da mutuncinsa. In ya ƙi, ita ce shugabar ƙungiya, ita za ta karɓe lasisinsa a gaban mutane.

Matarsa ce ta buɗe.

"Shigo, 'yata. Yana ciki yana goge takalmi, wai yau zai je ya koya wa yara aiki." Ta rage murya, ko da yake babu mai jin ta. "Ki zauna ta damansa. Kunnen hagun ya tafi gaba ɗaya."

Shi ya raɗa mata suna Auta, don ita ce ta ƙarshe cikin ɗalibansa. Ranar da ta fara zuwa barga, ya kama ƙeyarta ya manna kunnenta a kwiɓin wani doki. Ya ce me ta ji, ta ce ƙugi. Ya ce, "To ki gode wa Allah. Cikin doki kullum a cikin hayaniya yake. Ranar da kika ji shiru, ki yar da komai ki ruga." Shi ya kafa ƙungiyar, ya riƙe ta shekara goma sha shida, da zai sauka kuma hannunta ya ɗaga sama, manyan maza na kallo suna haɗiyar yawu.

A watan jiya aka kira shi kan wata goɗiya da ta ƙi cin abinci, tana tona ƙasa da kofato, tana waiwayen cikinta. Ya saurara, ya ce ciki na ƙugi lafiya lau, iska ce kawai, a zagaya da ita. Da la'asar aka kira Auta. Ta sa abin sauraro a kwiɓin dama, ta koma hagu, ta sake dawowa dama. Shiru. Hanji ya riga ya murɗe. Kafin a shigar da goɗiyar mota ta faɗi. Mai ita ya rubuto ƙara, kuma ita ce ƙara ta uku a kan Malam a shekara guda.

Auta ta sami Malam a falo, takalmi ɗaya a cinya, abin sauraronsa rataye a wuya kamar kullum.

"Ranka ya daɗe, ina kwana?"

"A'a, Shugaba da kanta! Kin zo ki tafi da ni da ankwa ne?" Ya yi dariya. "Zauna. Kin rame. Mijin nan naki ya daina ba ki abinci ko?"

Ta miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya karanta a hankali, ya ninke ta yadda ta zo, ya ajiye a gefenta.

"Auta, na ji cikin goɗiyar nan. Shekara arba'in da ɗaya ina jin cikin doki. Ƙugi na ji."

"Malam, ni ma na saurara..."

"Bayan awa shida! Awa shida ai ko dutse ya canza kwanciya." Ya cusa abin sauraron a kunnuwansa. "Wai har cewa suke abin aikina ne ya lalace. Ga shi nan, garau. Yanzu haka ina ji."

Auta ta duba. Bakin abin yana lilo a iska a gaban rigarsa, bai taɓa komai ba. Malam ya lumshe ido yana gyaɗa kai, yana sauraren ƙarar da ke cikin kansa. Matarsa na bakin ƙofa da farantin kofuna. Ta juya ta koma.

Auta ta buɗe baki. Ta san kalmomin, ta jera su a mota tun daga gida. Sai ta ga hannun nan da ya taɓa kama ƙeyarta, duk tabon cizon dawaki, ta rufe bakin.

"Kin ga?" ya ce, yana cire abin. "Je ki shirya zamanki. Kada ki makara, shugaba ba ya makara."

Ɗakin taron yana saman bene, fanka ɗaya tana juyawa tana ƙara, hoton Malam a bango sama da kujerar da Auta take kai. Mutum biyar ne a kwamitin, huɗu ɗalibansa ne. Mai goɗiyar ya zauna can ƙarshen teburi, ya ajiye ragamar dabbar a gabansa, bai ce don me ba. Malam ya yi bayaninsa tsaye, da murya mai ƙarfi fiye da ɗakin. Da aka yi masa tambaya kan lokacin da ya iso, ya ba da amsa kan allurar da ya yi. Kowa ya sunkuyar da kai.

Aka fitar da shi, aka jefa ƙuri'a. Ba a daɗe ba.

Auta ta karkata wajen Sakatare. "Don Allah a rubuta masa wasiƙa. Ko kai ka karanta."

"Ranki ya daɗe, sashe na tara," in ji shi, yana tura mata kundin ƙungiya. "Shugaba ne zai faɗi hukunci da bakinsa, ido da ido, har sai mai laifi ya ji ya amsa. Kin san wanda ya rubuta."

Ta sani. Ita ta buga wa Malam shi a na'ura tana ɗaliba, yana zagaya ɗaki yana cewa ba ya son shugaban da zai ɓuya bayan ambulan.

Aka dawo da Malam. Ya zauna, ya gyara wuyan riga. Auta ta miƙe da takardar hukunci, ta karanta cewa kwamiti ya janye lasisinsa daga yau, ba zai ƙara duba doki da sunan ƙungiya ba. Muryarta da ƙyar ta wuce ƙarar fanka. Ta zauna.

Malam ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, da ɗan murmushi. Ya taɓa hannun Sakatare.

"Me ta ce?"

Sakatare ya kalli Auta.

"Auta," ya ce, yana juyo mata da kunnen dama, "sau nawa zan gaya miki? Shugaba ba ya magana cikin riga. Tashi ki ɗaga murya."

Ta tashi. Ta zagayo teburin, ta tsaya a damansa, ta sunkuya har bakinta ya kusa taɓa kunnensa. Sannan ta ja numfashi don ta ɗaga murya.